Mai Kanti Da Ƙofar Da Yake So Ya Buɗe Daga Gida

Akwai wata tambaya da ta zama ruwan dare a tsakanin masu ƙananan kantuna a garuruwanmu, kuma galibi ba a kai ta gaban gwanaye, sai dai a tare ɗan makarantar da aka ji yana karatun kwamfuta a jefa masa ita. Tambayar kuwa ita ce: yaya mutum zai yi ya zauna a ɗakinsa bayan sallar lisha, ya shiga kwamfutar da ke kantinsa, ya ga cinikin ranar, ba tare da ya taka zuwa kasuwa ba? Amsar a taƙaice ita ce ana iyawa, kuma wanda ya san hannu zai haɗa abin kafin shayi ya huce. Wannan sauƙi nasa shi ne ya sa na ga ya kamata a tsaya a yi magana, domin abin da aka haɗa a tsaitsaye ba safai akan zauna a auna abin da zai haifar ba.

Bari mu fara da sanin abin da ake magana a kansa. Kantin magani ne, ko na kayan gini, ko na littattafai da kayan rubutu, ko irin wuraren nan da ake buga takardu ana yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa. A kusurwa akwai kwamfuta guda ɗaya tak, wadda sau da yawa ta hannu ce aka sayo. A cikinta ƙidayar kaya take, da farashin sari da na sayarwa, da sunayen waɗanda kanti ke bi bashi da waɗanda ke bin kanti, da lambobin wayar abokan ciniki, wani lokaci har da hanyar shiga asusun banki da aka bari a buɗe don gudun wahalar rubuta kalmar sirri kullum. A zamanin da, waɗannan abubuwa a warwatse suke: wani littafi a aljihun tebur, wani a gida ƙarƙashin katifa, wani lissafin kuma a cikin kan mai kantin kawai. Yanzu duk an tattara su a akwati ɗaya. Wanda ya riƙe akwatin nan ya riƙe kantin, ko da kuwa bai taɓa ganin ƙofarsa ba.

Ba na cikin masu ganin laifin mai kanti don ya so haka. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, zuwa kasuwa sau biyu a rana ya zama abin da sai an yi lissafi. Akwai 'yan fansho waɗanda ƙafa ta fara yi wa nauyi, akwai matan aure masu kanti waɗanda hidimar gida ba ta barin su wuni a can, akwai kuma wanda ya tafi sarin kaya Legas ko Anacha yana so ya san abin da ya ƙare a kan kanta kafin ya zube kuɗinsa. Bukata ce ta gaskiya. Abin da nake ja a kai shi ne, mafi yawan masu neman a buɗe musu hanyar shiga kwamfutar, labarin abin da ke cikinta kawai suke bukata. Tsakanin jin labarin ɗaki da barin ƙofarsa a buɗe dare da rana kuwa akwai tazara mai nisa, kuma a cikin wannan tazara ne dukiyar mutane ke salwanta.

Hanyoyin shiga iri biyu ne. Ta farko ita ce a huda ƙofa kai tsaye. Kamfanin Microsoft ya gina irin wannan hanya a cikin Windows, sunanta Remote Desktop, kuma bisa al'ada tana jiran baƙo ne a ƙofa mai lamba 3389. Domin a same ta daga waje, sai an umarci akwatin da ke kawo intanet cikin kantin ya miƙa duk wanda ya ƙwanƙwasa wannan lamba zuwa ga kwamfutar. Ba kowace Windows ce ke karɓar baƙo ta haka ba. Wadda ake kira Home ba ta yi, sai Pro da waɗanda ke sama da ita. Sa'an nan akwai wani cikas: ƙananan kantuna da yawa ta layin waya suke samun intanet, kamfanonin waya kuwa sukan tara masu layi da dama a ƙarƙashin adireshi guda, tamkar gidan haya mai ɗaki hamsin da lamba ɗaya a ƙofar zaure. Wasiƙa takan fita daga kowane ɗaki, amsarta ta komo, amma baƙon da ba a gayyata ba ba ya sanin ɗakin da zai nufa. Wannan ya hana mutane da yawa huda ƙofar, kuma a ganina wata rahama ce da ba su san an yi musu ba.

Hanya ta biyu ita ce ta dillali, kuma ita aka fi bi. Manhajojinta sanannu ne: TeamViewer da ta fito daga Jamus a 2005, AnyDesk ita ma daga Jamus a 2014, da Chrome Remote Desktop ta kamfanin Google. Kwamfutar kanti takan kira kamfanin ta ce ga ni nan, wayar mai kanti ma ta kira daga gida, kamfanin ya sada su. Da yake kowannensu shi ne ya yi kiran zuwa waje, cikas ɗin gidan haya bai shafe su ba. Sai dai kuma yanzu wani na uku ya shigo tsakanin mutum da kantinsa, shi ma kuwa ba gagara-badau ba ne. A watan Fabrairu na 2024 AnyDesk ta sanar cewa an kutsa cikin na'urorinta, har ta soke kalmomin sirrin shiga shafinta don rigakafi. A watan Yuni na wannan shekara TeamViewer ma ta sanar an shiga na'urorin ofishinta, ko da yake ta ce abin bai kai ga ɓangaren da masu amfani da ita ke bi ba. Ba don ɓata su na kawo wannan ba, domin sun fito sun faɗa da bakinsu, abin da ba kowa ke yi ba. Na kawo ne don mai kanti ya san cewa makullin da ya ba dillali ajiya, a gidan da ɓarayi ke kewayawa yake kwana.

Akwai kuma abin da ba a cika gaya wa mai kanti ba sai an gama haɗawa, watau kwamfuta ɗaya kujera ɗaya gare ta. Idan ta hanyar Microsoft ya shigo da rana, fuskar kwamfutar a kanti za ta kulle, yaron kanti ya tsaya riƙe da kuɗin mai saye ba halin buga rasit. Idan ta hanyar dillali ne, su biyun za su riƙa kokawa a kan linzami guda, maigida na ja nan, yaro na ja can. Saboda haka shigar ba ta da amfani sosai sai bayan an tashi, wanda ke nufin lalle kwamfutar da akwatin intanet su kwana a kunne. To da wace wutar? A kasuwar da ake kashe janareta da zarar an rufe ƙofa, sai an tanadi batir da inbata, ko sola. Mutanen Arewa ba su manta da watan Oktoba na 2024 ba, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta suka lalace, jihohi da dama suka kwashe kwanaki a cikin duhu. Kuma ko wutar ta dawo da tsakar dare, kwamfutar da ba a saita ta tashi da kanta ba haka za ta kwanta har safiya, maigida yana gida yana ta danna waya a banza. Wanda zai kashe kuɗin batir da sola don ya ga lissafin da bai wuce layi biyar ba, ya kamata ya sake lissafi.

Amma wannan duk maganar asarar kuɗi kaɗan ce. Babbar magana ita ce ta ɓarawo, kuma a nan ne nakan ji amsar da ta fi kowace damuna. Mai kanti zai yi dariya ya ce, wa ya san da ni? Ni da nake sayar da fenti da ƙusa a lungu, wane ɓarawon Turai ne zai bar bankuna ya neme ni? Wannan tunani na ɓarawon dā ne, wanda sai ya yi kwanaki yana kewaya gida, ya san mai gidan, ya san lokacin barcinsa. Ɓarawon intanet ba ya zaɓe, shara yake yi. Adireshin da ke cikin tsohon tsarin intanet sun haura biliyan 4 da kaɗan, kuma tun a 2013 masu bincike a Jami'ar Mishigan ta Amurka suka fito da wata manhaja mai suna ZMap, suka nuna cewa na'ura guda mai layi mai ƙarfi za ta iya ƙwanƙwasa ƙofa ɗaya a dukkan adireshin nan cikin ƙasa da minti 45. Su don ilimi suka yi, amma abin da malami ya iya, ɓarawo ma ya iya. Duk ƙofa mai lamba 3389 da ta amsa, sai a sa wata na'ura ta zauna tana gwada kalmomin sirri ɗaya bayan ɗaya, ba gajiya, ba barci, ba albashi. Kalmar sirrin da ta kasance sunan kanti, ko lambar wayar maigida, ko 123456, ba ta kai wa gari ya waye.

Wanda ya buɗe ƙofar ma sau da yawa ba shi ne mai shiga ba, sayar da ita yake yi. A 2016 kamfanin tsaro na Kaspersky ya bankaɗo wata kasuwar ɓoye mai suna xDedic, inda aka baje hanyar shiga na'urori fiye da 70,000 daga ƙasashe 173, wasu a kan dala 6 kacal. Sai a watan Janairu na 2019 hukumomin Amurka da na Turai suka rufe ta. Ya mai karatu, dubi farashin nan da kyau. Wanda ke sayar da kaya dala 6 ba manya yake farauta ba, yawa yake nema, kuma ƙananan wurare marasa mai gadi su ne ke cika masa buhu.

Wani lokaci ma ba a bukatar kalmar sirrin. A watan Mayu na 2019 aka bayyana wata ɓaraka a cikin hanyar Remote Desktop ta tsofaffin Windows, aka yi mata laƙabi BlueKeep, wadda ta kan ba da damar shiga ba tare da an tambayi mutum ko wane ne shi ba. Haɗarinta ya kai har Microsoft ta fitar da gyara ga Windows XP, wadda ta daina kula da ita tun 2014. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, bangon da mai shi ya daina yaɓe kuwa kullum tsagewa yake ƙarawa. Microsoft ta daina aiko wa Windows 7 gyara a ranar 14 ga Janairu 2020, ta kuma daina aiko wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, sai fa ga waɗanda suka yi rajistar ƙarin wa'adi. Duk wanda ya saba leƙa kantunanmu ya san irin tsofaffin na'urorin da ke kan tebura. Muddin suna zaune ba sa magana da kowa, suna iya yin shekaru suna aikinsu lafiya. Ranar da aka huda musu ƙofa zuwa duniya, ranar tsufansu ya zama laifi.

Abin da ke biyo baya kuwa mun san irinsa a wani fagen, har sunan ma ɗaya ne: garkuwa. Mai kanti zai zo da safe ya tarar kwamfutarsa tana nan, ba a fasa kwado ba, ba a ɗauki ko allura ba, amma duk takardun da ke ciki an juya su zuwa rubutun da ba mai iya karantawa, ga kuma saƙo a fuskar na'urar cewa a biya fansa kafin a ba da makulli. Kayan da ke kan kanta suna nan, ana iya sake ƙirga su. Kundin bashi fa? Mutum ɗari biyu da suka karɓi kaya sai ƙarshen wata, wa zai tuna nawa ke kan kowa? Masu tsoron Allah za su zo su faɗa. Sauran kuwa sai a lahira.

Manyan kamfanoni ma ta wannan ƙofa aka sha kayar da su, kuma akwai darasi a yadda abin ya faru. A ƙarshen 2013 aka sace bayanan katin banki kimanin miliyan 40 daga kantunan Target na Amurka, ɓarayin kuwa sun fara shiga ne da kalmar sirrin wani ƙaramin kamfani mai yi wa kantunan aikin na'urorin sanyaya wuri. A watan Mayu na 2021 kamfanin Colonial Pipeline ya tsayar da bututun man da ke ciyar da gabashin Amurka na kwanaki, ya kuma biya fansar kusan dala miliyan 4.4, asalin abin kuwa wani tsohon asusun shiga daga nesa ne da aka daina amfani da shi ba a rufe ba, kuma kalmar sirri kaɗai ke tsaronsa. A watan Yuli na shekarar, ɗaruruwan kantunan Coop a Suwidin suka kasa buɗewa domin injunan karɓar kuɗinsu sun mutu, bayan an bi ta manhajar Kaseya, wadda masu gyara ke amfani da ita su kula da na'urorin abokan hulɗarsu daga nesa. A duka ukun, ƙofar da aka bari domin sauƙin na gida ita ce baƙo ya bi, kuma a biyu daga ciki ta hannun mai taimako aka bi.

Wannan ya kawo ni kan 'yan makaranta, domin a kantunanmu ku ne masu taimakon. Kawu ko Hajiya ta kira ka, ka zo ka sa manhaja, aka sa maka albarka, aka ba ka na mota, ka tafi. Kalmar sirrin da ka sa, ita ce ka sa a kanti biyar da suka gabata, don kada ka manta. Tana cikin wayarka, wayar kuwa gobe tana iya faɗuwa a cikin a-daidaita-sahu, ko ka sayar da ita ba ka goge ba. Bayan shekara biyu ka tafi bautar ƙasa, mai kantin bai san sunan abin da ka sa masa ba, balle ya cire. Har wa yau, TeamViewer da AnyDesk kyauta suke ga mai amfanin kansa kawai. Amfanin kasuwanci sai da lasisi, kuma idan manhajar ta zargi ana kasuwanci da ita takan riƙa yanke zama. Maimakon a biya ko a nemi wata halastacciyar hanya, sai a je a sauko da wadda aka fasa daga wani shafin da ba a san mai shi ba. Wanda ya ɓata lokacinsa ya fasa manhaja ya raba ta kyauta, ka taɓa tambayar kanka da me ake biyansa? Sa irin wannan a kwamfutar da ke riƙe da dukiyar marayu ko kuɗin sallamar ɗan fansho cin amana ne, ko da ba da niyya aka yi ba.

Wata hanyar kuma ba ta bukatar gwaninta ko kaɗan, baki kawai take bukata. A buga wa yaron kanti waya, a ce daga banki ne, ko daga kamfanin da ya sayar da manhajar ciniki, an ga matsala a asusu, ya sauke kaza ya karanto lambar da ta bayyana. Da ya karanta ya danna amincewa, shi ke nan, ya miƙa linzami. Tun a watan Fabrairu na 2019 Babban Bankin Indiya ya gargaɗi bankunan ƙasarsa a kan masu damfara da AnyDesk ta wannan salo. Kantin da aka saba ganin linzami yana motsi da kansa saboda maigida kan shigo, shi ne ya fi saurin faɗawa, domin yaron ba zai ga abin mamaki ba. Zai ɗauka Alhaji ne.

To mene ne abin yi? Mai kanti ya zauna ya rubuta abin da yake so ya gani da dare. Na tabbata ba zai wuce nawa aka sayar, nawa ke cikin aljihun tebur, wa ya karɓi bashi, wa ya biya, me ya kusa ƙarewa ba. Manhajar ciniki mai kyau tana fitar da rahoton rana da danna ɗaya. Wanda kuma jadawalin Excel yake amfani da shi, shafin ranar ya isa. A aiko masa da shi ta imel ko ta WhatsApp kafin a rufe, a kashe kwamfuta, a kashe wuta, kowa ya tafi gida. Saƙo ya fita, ba wanda ya shigo. Ba kuɗin batir, ba lasisi, ba dillali mai riƙe da makulli. Rahoton da aka aiko yau da ƙarfe shida kuma yana da wata fa'ida da shiga kai tsaye ba ta da ita, watau ya zama shaida a hannun maigida, wadda ba za a iya komawa a gyara ta gobe ba.

Kafin ma wannan, akwai abin da ya fi shi wajaba, wanda kuma ba na jin ana tambayar ɗan makaranta a kansa, shi ne kwafin ajiya. Kwamfuta ɗaya rumbu ɗaya gare ta, rumbun nan kuwa yana mutuwa ko ba ɓarawo. Wuta ta ci kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016, ta ci babbar kasuwar Sakkwato a Janairun 2021, ta ci ta Katsina a watan Maris na wannan shekara, ta ci kasuwar Monday ta Maiduguri a Fabrairun 2023. Gobara ba ta tambayar kalmar sirri. Mai kantin da ke da hanyar shiga daga gida amma ba shi da kwafi a gida, in wuta ta tashi, abin da zai samu kawai shi ne ya riga maƙwabtansa sanin cewa na'urarsa ta daina amsawa. Kwafin kuwa yana da sharuɗɗa. Wanda aka bari a maƙale jikin kwamfutar ba kwafi ba ne, domin wuta za ta ci su tare, manhajar garkuwa ma takan kulle duk abin da ta tarar a haɗe. A sami 'yan ma'ajiya biyu irin na aljihu, ana musanya su, ɗaya kullum yana kwana a gida. Kuma lokaci-lokaci a buɗe kwafin a wata na'ura a ga ko da gaske yana buɗuwa, kada sai ranar bukata a tarar wata shida ana kwafe iska.

Na san akwai waɗanda rahoton yamma ba zai ishe su ba, kamar mai yin lissafin haraji da dare, ko wanda zai yi wata guda a wajen gari yana sauya farashi. Irin waɗannan su buɗe, amma bayan kwafi ya kankama, kuma a kan na'urar da har yanzu ake aiko mata gyara. Kada a taɓa barin ƙofa ta 3389 tana kallon titi. In lalle hanyar Microsoft za a bi, a sa ta bayan rufaffen lungun nan da ake kira VPN. Kalmar sirri ta zama doguwa, ta wannan aiki kaɗai, a kuma haɗa ta da tabbaci na biyu, watau lambar da ke sauyawa a wayar maigida, abin da rashinsa ya jawo wa Colonial Pipeline abin da ya jawo. A taƙaita shiga ga na'urorin da aka sani. Asusun banki kada ya kwana a buɗe a wannan kwamfuta. Ranar da yaro ya bar aiki, ko aka sauya mai gyara, ranar za a sauya kalmomin sirri, ko da an rabu ana dariya.

Wasu za su ce duk wannan tsohon yayi ne, a mai da lissafin gaba ɗaya kan manhajar da ke zaune a intanet, kowa ya shiga daga inda yake. Shawara ce mai kyau ga wanda ya iya biyan kuɗin wata-wata, kuma ta warware rigimar kujera ɗaya. Amma a tabbata manhajar tana iya ci gaba da ciniki in layi ya yanke. A ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Kwaddibuwa, intanet ta yi rauni a ƙasashen Afirka ta Yamma, har hulɗar bankuna ta tsaya wa mutane da yawa a nan. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a Jihar Zamfara saboda tsaro, aka yi makonni a haka. Kantin da ba ya iya sayar da sabulu sai da izinin wata na'ura a Turai bai ci gaba ba. Littafi da biro su zauna a aljihun tebur.

Akwai kuma dalilin da ba a cika faɗa a fili ba, alhali shi ne kan gaba a zuciyar masu kanti da yawa: ana so a sa wa yaro ido. A nan ma ina ganin an ɗora wa na'ura abin da ba ta iyawa. Kwamfuta abin da aka shigar mata kawai ta sani. Kwalin da aka sayar ba a rubuta ba, ko maigida ya kwana yana kallon fuskarta ba zai gan shi ba. Abin da ke kama wannan shi ne abin da iyayenmu 'yan kasuwa suka sani tun kafin a ƙera kwamfuta: a zo ba sanarwa, a ƙirga abin da ke kan kanta, a gwada da abin da ke rubuce. Yaron kirki kuma, in ya lura ana leƙensa a ɓoye, zuciyarsa kan yi sanyi da aikin. In za a riƙa shiga, a gaya masa tun farko, a fili.

Ga ma'aikatan gwamnati akwai ƙarin magana, kuma gara a faɗe ta. Jadawali na Biyar na Tsarin Mulkin 1999 ya hana ma'aikaci mai cikakken aiki shiga cikin gudanar da kasuwanci mai zaman kansa, in ban da noma. Wanda ya zauna a ofis da ƙarfe sha ɗaya yana sauya farashin siminti a kantin da aka rubuta da sunan maiɗakinsa, ya sani manhajojin nan suna rubuta lokacin kowace shiga. Mafi muni shi ne a yi haka da kwamfutar ofis, a ƙulla igiya tsakanin na'urar da ke ɗauke da takardun jama'a da wata tsohuwar na'ura a kasuwa. Cutar da ta kama ɗaya ba ta da nisa da ɗayar. Masu kanti kuma su san cewa Dokar Kare Bayanan Jama'a da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023 ta ɗora wa mai tara bayanan mutane nauyin tsare su, ta sa bayanan lafiya cikin masu bukatar kulawa ta musamman, ta kuma ce in an yi ɓarakar da za ta iya cutar da masu bayanan a sanar da hukuma cikin sa'a 72. Mai kantin magani da ke rubuta wane ya sayi maganin kaza, sirrin maƙwabtansa ne a hannunsa.

Hukumomin da abin ya shafa, irin su NITDA da SMEDAN, ya kamata su kai wannan bayani inda masu kantin suke, cikin harshen da suke ji, ta gidajen rediyon jihohi da ta bakin shugabannin kasuwa, domin takardar gargaɗi da Turanci a shafin intanet ba ta isa layin 'yan fenti. Kwalejojin kimiyya da fasaha kuma su koya wa ɗalibansu cewa aikin bai ƙare da haɗawa ba. Duk ɗalibin da ya taɓa kwamfutar kantin wani, ya bar masa takarda guda a rubuce da hannu: ga sunan abin da na sa, ga wanda ke iya shiga, ga inda kwafi yake, ga yadda za ka cire ni. Mai kantin ya karɓa, ya sa shi ya nuna masa cirewar sau ɗaya a gabansa, sa'an nan ya sallame shi.